Lambar da ke Gindin Gwangwanin Barmo

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a unguwar Dengfeng ta birnin Guangzhou, cikinsa ya gaji da taliyar 'yan China da shinkafarsu marar mai, ƙarshensa hawa na shida ne a wani tsohon bene da ba shi da lifta, yana haki yana ƙwanƙwasa ƙofar Zulaiha. 'Yan kasuwar Kano masu zuwa Guangzhou saro kaya Hajiya Zulai suke ce mata. Mutanen Maraɗi da Damagaram su ce Hajiya mai tuwo. 'Yan Ghana kuwa Anti kawai suke cewa, su miƙa kwano. Ita dai duk wanda ya shigo mata da takalmi sai ta kora shi ya koma ya cire, ko da Alhajin da ya cika kwantena goma ne. Ba ta da wasa a kan tsaftar ɗakinta, kuma magana ba ta kwana a cikinta.

'Yar Fagge ce. Mahaifiyarta abinci take sayarwa a bakin Kantin Kwari, ita kuma ta tashi tana raba kwanuka shago-shago. A nan ta haɗu da Barmo, yaron shagon wani ɗan Labanon mai sayar da yadi. Dogo ne, shiru-shiru, in ya gama cin abinci sai ya wanke kwanon kafin ya mayar mata. Wallahi abin da ya saye ta ke nan, da bakinta take faɗa. Abu biyu Barmo ya koya a wajen ubangidansa. Na farko sanin yadi, ya murza da yatsa biyu ya gaya maka ko zai zuba. Na biyu kuma shan lofe, tukunyar tabar nan ta katako mai lanƙwasasshen baki, wadda ake ɗura wa taba daga wani faffaɗan gwangwani da ake kawowa daga Turai. Ba ya shan sigari, raina masu sha ma yake yi. In an yi masa magana sai ya ce nasa daban ne, nasa ƙamshi ne. Ƙamshin banza, in ji Zulaiha.

Da Alhazan Kwari suka fara juyowa China, Barmo yana cikin waɗanda aka fara aikowa. Ya zo ya koma, ya sake zuwa, daga baya ya zauna ya zama ejan. Shi ne tarbar baƙi, shi ne zagawa da su manyan kantunan tufafi na Guangyuan, ya yi musu ciniki da ɗan yaren China da ya tsinta, ya tsaya a kan lodin kwantena. Da ƙafarsa ta zauna ya ɗauko matarsa. 'Yarsu ɗaya, Najiba, suka bar ta wajen kakarta saboda makaranta, kuma har gobe in Zulaiha ta gama waya da yarinyar sai ta shige kicin ta yi ta goge abin da ba shi da datti. Zaman banza ba ta iya ba. Ba ta daɗe da zuwa ba ta ɗora tukunya, matafiya suna kawo mata kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a cikin akwatunansu, haka gidan ya koma wurin cin tuwo ba tare da allo a ƙofa ba.

Akwai wata ɗabi'a da kowa ya san ta da ita. Ba a miƙa wa Zulaiha gwangwani ta karɓa ba ta juya gindinsa ba. Tumatir ne, madara ce, kifi ne, ko kyauta ka kawo mata sai ta kife shi ta karanta kwanan wata a gabanka, ko kunya babu. Shekararta ta farko ta sayi katan ɗin tumatir da araha, ashe lokacinsa ya wuce, miya ta yi tsami, baƙi suka yi ta zarya banɗaki. Tun daga nan ta koyi yadda 'yan China suke fara rubuta shekara kafin wata, da yadda Turawa suke juya nasu. Ta kuma riƙe ƙa'ida ɗaya da ba ta canzawa: abin da ya tsufa a gwangwani ya mutu, kuma babu mai hankalin da zai je ya sayo shi.

Shekara huɗu ke nan da muryar Barmo ta dishe. Aka yi ta shan citta da zuma, ba sauƙi, har haɗiyar tuwo ta fara gagararsa. A asibiti suka zura masa abin hange, suka ce tsiro ne a maƙogwaro, mugun iri. Aka yi masa aiki, aka yi ta gasa wurin da na'ura wata da watanni, Zulaiha tana kwana a kujerar roba tana dama masa kunu. Ranar sallama likitan ya faɗa ta bakin tafinta, bai ɓoye komai ba. In ya koma wa taba abin zai iya dawowa, in kuwa ya dawo ba lalle wuƙa ta sake yin amfani ba.

Da suka iso gida ba ta bari ya huta ba. Ta ce ya yi alwala. Ta ɗauko Alƙur'ani ta ɗora masa a cinya, ta ce ya dafa ya rantse shi da taba har abada. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dafa ya rantse da 'yar ragowar muryarsa. Ta tattara lofensa da duk gwangwanayen da ta gani ta kai bola da hannunta. Da ta ba mahaifiyarta labari a waya, tana jiran a yaba mata, sai tsohuwar ta saka salati.

Ta ce, "Ke Zulai, me ya kai ki? Alƙur'ani abin wasa ne? In ya kasa riƙewa fa, ya ci shi, wa ya jawo?"

Zulaiha ta ce ba zai kasa ba. Amma maganar ta samu wuri a ƙirjinta ta zauna, kuma ba ta taɓa tashi ba.

To, sai ga wata Talata cikin watan Maris, lokacin da iskar kudu ke shigowa garin da laima, bango ya yi ta gumi, madubi ya yi hazo, shanya ta ƙi bushewa. Barmo ya fita tun da safe zai kai wasu baƙi Guangyuan. Zulaiha ta ɗora ruwan tuwo, ta ce bari kafin ya tafasa ta hau kujera ta goge saman sif, don fumfuna ta fara cin kwalayen da ke wajen. Tsofaffin samfur ɗin takalma ne da an manta rabon da a taɓa su. Ta ɗaga wani kwali, sai ta ji abu ya yi ƙara a cikin takalmin. Ta zura hannu ta zaro. Faffaɗan gwangwani ne zagayayye, da rubutun Turawa a murfinsa.

Ba ta ma buƙaci karantawa ba. Ta murɗa murfin, ƙamshin nan ya daki hancinta, sai da ta dafa sif don kada ta faɗo. An sha kusan rabi. Ta sauko a hankali ta zauna a bakin gado, babu abin da take maimaitawa sai innalillahi.

Zai iya yiwuwa tsohuwar ajiya ce da ta tsere mata ranar da ta kai sauran bola, shi kansa ya manta da ita. Haka ne ma, in sha Allahu. Sai dai kwanan nan Barmo ya tsiri tauna kanumfari. Turarensa ya ƙaru. Da asuba tana jin sa a banɗaki yana ta gyaran murya, kuma muryar ta fara yin ƙasa-ƙasa irin na wancan lokacin. In ta yi magana ya ce laimar garin ce. In dai ya koma, to ga ciwo ga Alƙur'ani, kuma ita ce ta ɗora masa shi a cinya.

Ta tambaye shi kai tsaye? Ina! Barmo ba shi da faɗa, amma in ka tuhume shi da abin da bai yi ba, ba zai ce maka ƙala ba, zai dai yi wata guda yana gaishe ka kamar baƙo. Mutum ya dafa Alƙur'ani ka ce masa ya yi ƙarya, ai ba ƙaramar magana ba ce. Sai ta yi abin da ta iya, ta kife gwangwanin.

Lambobi ne takwas a jere, ba ɗigo ba tazara: 07182341. Ta raba su biyu-biyu yadda ta saba. In bakwai ce shekarar, to gwangwanin tsoho ne tukuf. In sha takwas ce, kafin ciwon ne, alhamdulillahi. In kuwa ashirin da uku ce, bayan rantsuwa ke nan da shekara biyu. Arba'in da ɗaya kuma ba ta shiga ko'ina. Ta karanto daga hagu, ta karanto daga dama, ta sa gilashinta ta cire. Duk ta inda ta biyo, ashirin da ukun nan tana zaune a tsakiya tana kallonta.

Ruwan tuwo yana ta tafasa a kicin. Ta je ta kashe gas. In ka cire lokacin jinyar Barmo, Zulaiha ba ta taɓa sauke tukunya da rana ba, ko zazzaɓi take yi. Ta aika saƙo zauren masu cin abincinta a waya cewa yau babu tuwo. Nan da nan kira ya fara shigowa, ta sa wayar a shiru, ta yafa mayafi ta sauka.

A ƙasan benen da ke kallon nasu akwai ɗan ofishin Lariba, 'yar zangon Kumasi mai aika kaya tashoshin jiragen ruwa na Tema da Apapa. Ita ce ƙawar Zulaiha ɗaya da take iya zama da ita ba a ci abinci ba. Tana ganinta ta ajiye salatif ɗin da take naɗe kwali da shi.

"Anti, mi ya faru? Yau ba tuwo, kuma ga ki da mayafi da rana tsaka."

"Wani baƙo ne ya manta wannan a wajena. So nake in san shekararsa."

Lariba ta dubi gwangwanin, ta dubi Zulaiha. Ta san Barmo, har asibiti ta je dubiya, amma ta rufa mata asiri, Allah ya saka mata da alheri. Ta juya gindin ta ƙura ido.

"Ni dai a kayan da nake lodi, in na ga haka, watan bakwai ne, sha takwas ga wata, shekarar ashirin da uku. Haka 'yan Amurka ke rubuta nasu."

Zulaiha ta zauna a kan wani kwali ba tare da an ce ta zauna ba.

Lariba ta yi saurin cewa, "Kar ki ɗauki maganata fa, taba ba layina ba ne. Akwai wani tsoho a unguwar Liwan, bayan kasuwar koren dutsen ado, lofe yake sayarwa. Na taɓa ɗauko kayan wani Baturke a shagonsa. In akwai mai sani, shi ne. In raka ki?"

"A'a, zauna kan aikinki. Turo min wurin a waya kawai."

Ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Xiaobei. Gwangwanin yana can ƙasan jaka cikin leda biyu, amma gani take duk taragon ana jin ƙamshinsa. Tasha ta gaba ita ce inda masu zuwa Guangyuan ke sauka, kuma a nan za ta canza jirgi. Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai kamar ita ce mai laifin. Duk dogon baƙin mutumin da ta hango sai gabanta ya faɗi. Me za ta ce masa in suka yi kiciɓis? Tana tafe tana roƙo a zuci. Ya Allah ka sa tsoho ne. Ka sa tsoho ne in yi azumi, in yi sadakar tukunya guda. Matar da ta ƙi jinin tsohon gwangwani a duniya, yau ga ta tana roƙon Allah ya ba ta shi.

A Liwan sai da ta sha bulayi a lunguna. Duk wanda ta nuna wa hoton shagon sai ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Da ƙyar ta same shi, wani ɗan tsukukun shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, lofe rataye a bango jere-jere. Wani tsoho mai singileti yana zaune gaban farantin shayi, gilashinsa a goshi.

Ta ce, "Nihau, lawban," gaisuwar da ake yi wa kowane mai shago.

Ya nuna mata kujera. Ta kwance ledojin ta miƙa masa, ta nuna gindin, ta tambaya da yaren kasuwarta wace shekara ce. Tsohon ya sauko da gilashinsa, ya ɗauko madubin nan mai ƙara girman rubutu. Sai ya ɓarke da bayani da sauri, ba ta kama ko rabi ba. Ta kunna tafintan wayarta ta ajiye a tsakaninsu, da shi da nunin yatsa suka fahimci juna.

Ya ce kowane kamfani da tsarinsa. Wasu shekara suke sawa a farko, wasu a ƙarshe, wasu harafi suke sawa a madadin wata. Wasu ma ba sa buga komai, sai dai a gane ta launin takardar murfi ko adireshin da ke jiki. Wannan kamfanin kuwa, lambobi biyun farko na injin da ya cika gwangwanin ne, ba ruwansu da lokaci. Ya rufe su da babban yatsa. Biyun da ke biye su ne shekara. Ukun bayansu rana ce, ana ƙirgowa tun daga farkon shekara, babu wata a ciki. Ta ƙarshen kuma ta masu aikin ranar ce. Ya ɗauki biro ya rubuta a gefen jarida, ya juyo mata: 2018, watan takwas.

"Ba ashirin da uku ba?" Ta nuna da yatsa.

Ya yi dariya ya girgiza kai. Ya ce babu wata ashirin da uku a wajen, ɗari biyu da talatin da huɗu ce ita ta raba gida biyu.

Kai, Zulaiha ba ta san lokacin da ta ɗaga hannu sama ba. Alhamdulillahi, alhamdulillahi! Wani sanyi ya ratsa ta tun daga ka har ƙafa, hawaye suka zubo. Sai kuma kunya ta rufe ta. Bawan Allah yana can yana fama da baƙi a cikin cunkoso, ita tana nan tana yawo da zarginsa a jaka. Ta ƙudurta tana komawa za ta yi masa funkaso da miyar taushe, ba kuma zai taɓa sanin dalili ba. Ta yi ta yi wa tsohon godiya, ta miƙe, ta nuna masa kwandon shara a gefensa. Ta ce ya jefa a ciki, ai ya lalace.

Tsohon ya zaro ido, ya rungume gwangwanin a ƙirji kamar za ta ƙwace. Ya lalace? Ya miƙe ya buɗe wata 'yar durowa a bayansa. Gwangwanaye ne cike, wasu murfinsu har ya fara tsatsa, kowanne da 'yar takarda mai shekara a jiki. Ya ce tabar lofe ba tumatir ba ce. Muddin ba a fasa murfin ba, ƙara kyau take yi, kamar baƙin shayin nan nasu da ake ajiyewa shekara da shekaru. Masu sha da gangan suke ɓoyewa, su yi ta musaya a tsakaninsu. Sabon gwangwani ko'ina akwai, irin wannan ne ake nema da fitila.

Zulaiha ta koma ta zauna. Ta sa tafintan ya maimaita, don a zatonta kuskure ya yi. Ya maimaita yadda ya faɗa. Wato mutum zai iya zuwa yau ya sayi gwangwanin shekarar sha takwas? Tsohon ya gyaɗa kai da murna, shi a ganinsa albishir yake yi mata.

Don ya nuna mata kyan abin, ya murɗa murfin ya shaƙa ya lumshe ido. Ya tsinko 'yar kaɗan ya matse tsakanin yatsu, ta dunƙule, sannan ta saki a hankali. Ya ce madalla, ga ta nan da danshinta, ba a fi 'yan makonni da buɗe ta ba.

"A'a, lawban. Shekara huɗu da buɗewa. Ta fi ma."

Ya ce ba zai yiwu ba. In an fasa murfin, wata biyu wata uku ta bushe, a shekara huɗu kuwa da ka taɓa za ta ruguje ta zama gari.

Ta ce laima ce. Ta nuna masa bangon shagonsa da ke gumi, ta nuna ƙasa, muryarta tana hawa. Garin nan har takalmi jiƙewa yake yi a cikin kwali, balle taba!

Ya ce laimar gari fumfuna take sa mata, ta kashe ƙamshin. Ya miƙo mata ta duba, babu ɗigon fumfuna, farar takardar ciki ma ko dafewa ba ta yi ba. Yana cikin bayani ya ɗago ya ga fuskarta. Ya rufe gwangwanin ya mayar cikin ledojin da kansa, ya zuba mata shayi a ɗan kofi. Ba ta iya sha ba.

Hanyar komawa ba ta ma san yadda ta yi ta ba. Tsoro da fushi suna ta kokawa a cikinta. Ta shirya maganganun da za ta gaya masa, ta rushe, ta sake shiryawa. Sai ta tuna kujerar robar asibiti, ta tuna Najiba da ke jiran a zo bikin saukarta, sai zuciyarta ta tafasa. Can kuma muryar mahaifiyarta ta faɗo mata, wa ya jawo, sai jikinta ya yi sanyi. Ta hau benen nan hawa shida tana tsayawa a kowane hawa, ba don gajiya ba.

Takalmansa suna bakin ƙofa. Ya idar da la'asar ke nan, yana zaune a kan sallaya.

Ya ce, "Lafiya, Zulai? Tun a kasuwa ake ta kirana wai kin rufe. Na kira ki ba ki ɗauka ba."

Ta cire mayafi, ta kwance ledojin, ta ajiye gwangwanin a ƙasa a gabansa.

"Na san shekarar da aka yi shi. Na kuma san ba ka daɗe da buɗe shi ba. Kar ka wahalar da kanka, Baban Najiba."

Ya dubi gwangwanin. Bai yi musu ba, bai ma yi mamaki ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Ina lofen?"

"Yana sito, inda muke lodi."

Sai ta fashe. "Haba Baban Najiba! Haba! Alƙur'ani fa ka dafa, da alwala, a ɗakin nan! Ba ka tsoron ya ci ka? Ka manta yadda suka yanka ka? Ka manta bututun da ake zuba maka kunu? In kai ba ka son ranka, mu muna so. Saurari muryarka mana! Tun yaushe nake cewa ta canza kana ce min laima, ashe ga laimar nan a cikin takalmi. Ka jawo mana shi da hannunka, wallahi ka jawo mana shi!"

Ya bari sai da ta kai aya, numfashinta yana sama. Sannan ya ce a hankali, "Muryar ce ta riga tabar, Zulai."

Ba ta gane ba.

"Tun sanyin da ya wuce na ji abin yana tsaya min. Na je asibiti ni kaɗai, na ce in ba komai ba ne ba sai na tayar miki da hankali ba. Suka sake zura abin nan nasu, suka ɗebi nama. Watan jiya suka kira ni. Ya dawo. Kuma wannan karon ya gangara ƙasa." Ya dafa ƙirjinsa. "Shekara huɗu, Allah shi ne shaidata, ko ƙamshinta ban nema ba. Ranar da suka gaya min na fito na zauna a bakin titi, na daɗe. Sai na ce to, abin da ake gudu ai ya zo."

Zulaiha ta zame ta zauna a ƙasa.

Ya ci gaba, "Rantsuwar kuma kar ta dame ki. Ban taɓa tabar ba sai da na tambayi malami. Ranar Juma'a na ciyar da mutum goma a bakin masallaci, na yi kaffara. Ba abin da ke wuyanki."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Kullum da niyyar gaya miki nake shigowa. Sai in tarar da ke a kan tukunya, ɗaki cike da mutane, kina yi wa wani faɗan takalmi. In ce bari sai ranar da ba ki da komai a wuta."

Ta dubi ƙofar kicin, ta dawo da idonta kan gwangwanin. "Shi ne ka je ka nemo tsoho."

"Irin wanda na bari ne. So na yi in ji ko yana nan yadda na san shi."

"Yana nan?"

Ya ɗan yi murmushi, ya girgiza kai. "Ban ji ɗanɗanon komai ba. Nake ta gwadawa ko zai zo."

Allah sarki. Duk faɗan da ta ƙunso daga Liwan ya zube, ta neme shi ta rasa. Tun safe take roƙon Allah ya sa mijinta bai ci amanarta ba, ga shi ya riƙe mata ita har inda ƙarfinsa ya ƙare, kuma ba ta ji daɗin komai ba. Ta matsa ta kama hannunsa da nata biyu, tana kuka ba sauti.

Ta ce, "Da ma ƙaryar ce kawai, Baban Najiba. Wallahi da na iya da ita."